Rabin Tumbi

Kulu mai tuwo ta cika rabin bencin jiran likita a Tudun Wada, tana tausa gwiwa. A gefenta akwai wata siririyar 'yar kasuwa, Akunna, wadda ba ta taɓa gani ba.

"Inna, gwiwa ce?" in ji Akunna.

"Ƙiba ce, Madam. Ke kam kin huta, jiki kamar sillen kara."

"A da na fi ki jiki. Gyambon ciki na yi, aka yanke mini rabin tumbi a Ikko. Likitan ya ce wata rana da gangan za a riƙa yi wa masu ƙiba."

"Da gangan? Sai ka ce ragon layya!" Kulu ta yi dariya, sannan ta rage murya. "Yanzu kina iya durƙusawa a cocinku?"

"Har ƙasa. Amma shekara bakwai ban cinye malmala ɗaya ba. Loma huɗu, sai jiri da zufa. Ranar bikin 'yata ma kallon abinci na yi. Kada ki yi sha'awa, Inna."

Kulu ta daɗe tana duban kumburarrun ƙafafunta.

"Ni shekara uku a zaune nake salla, goshina bai taɓa ƙasa ba. Madam, yaya sunan likitan nan?"