Wanda Ya Koya wa 'Ya'yanmu Zuwa Aike

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamanmu, da shugaban asibiti da ma'aikatansa, da shugabar makaranta, da masu shagunan layin nan. Yaya, uwargidan marigayi, da ku 'ya'yansa, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Iyayen yara ne suka ce in yi magana a madadinsu. Muryata ba ta da ƙarfi, na baya ku ɗan matso.

Marigayi ya kasance ma'aikacin jinya a ɓangaren yara, shi ke auna su a sikeli. Mu da Allah ya ba 'ya'ya masu ƙiba, a nan muka san shi. Zai tambayi yaro sunansa, kafin yaron ya buɗe baki uwar ta amsa. Ya tambayi ajinsa, uwar ta amsa. Sai ya sauke tabarau ya ce, "Hajiya, ke na ɗora a sikelin?"

Ya kasance mai ganin abin da sikeli ba ya nunawa. Yaro ya kai shekara goma, uwa ce ke sa masa maɓalli, ita ke ɗaura masa igiyar takalmi. Ko bakin layi ba a aikensa, sai a tsallake shi a aiki ƙanensa. A ganinmu tausayi ne: kada ya yi haki, kada a yi masa dariya. Shi kuwa ya ce mana, "Zancen abinci na bar wa likita. Amma yaron da ba a aikensa, a ina zai koyi gaida mutane? A ina zai koyi a ce masa babu, ya dawo bai yi kuka ba?"

Da ya yi ritaya, sai ya sa benci biyu a barandar gidansa. Duk Asabar da safe mu kai yaran mu juya, uwa ba ta zama. Ya aiki wannan yaro wurin kafinta aron guduma, wancan wurin tela ya jiyo ko an gama ɗinki. Ba ya rubuta saƙo a takarda, da bakinka za ka faɗa. Yaya, ke kika san yawan gudumar da aka aro gidan nan ba a buga ƙusa ko ɗaya ba.

Wata Asabar, ina wucewa, ɗan maƙwabciyata ya toge a ƙofar gidan marigayi.

"Baba, 'yan ƙwallo suna ce mini buhu."

"In sun faɗa, ka yi musu sallama."

"In sun sake fa?"

"Ka tambaye su ko sun taɓa jin buhu ya yi sallama. Maza, malam, kafinta na jira."

Ya tafi yana jan ƙafa. Ya dawo sharkaf da zufa, da guduma a hannu, da labarin wai mai tsaron ragarsu bai zo ba, sun ce ya tsaya musu. Ba zan ce ƙibarsa ta tafi ba, don ban ga haka ba, kuma nan ba wurin ƙari ba ne. Amma yanzu shi ke kai ƙannensa makaranta.

Jama'a, tun da aka yi rasuwar nan ba a aiki kowa ba. Akwai yarinyar da ta fara zuwa ba da daɗewa ba, har ta soma ɗaga ido in tana magana. Jiya uwarta ta ce mini ta koma ƙuryar ɗaki, ko ƙofa ba ta leƙawa. Ba ita kaɗai ba ce. In muka yi shiru, aikin shekaru zai rushe a hannunmu, kuma mu za a tambaya.

Yaya, ba za mu cika miki gida kina takaba ba. Aron bencin nan biyu kawai muke roƙo. Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, suna ƙofar gidana, ni zan zauna. Masu shaguna, in yaro ya zo yana in'ina, kada ku ƙarasa masa maganar, ku jira shi ko da ciniki na jiranku. Iyaye, yarinyar nan ni zan je in ɗauko da kaina. Sauran yaran ku kawo su.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan bawansa, ya yalwata masa kabari, ya tsare iyalinsa. Mu kuma ya ba mu ƙarfin zuciyar tsayawa a bakin ƙofa, muna kallon 'ya'yanmu suna tafiya, ba mu kira su ba. Amin.