Ya Mai Jinya?

A layin famfon Agege, shekarar da naira ta fito, wata dattijuwa mai suna Kande ta ƙura wa hannun Zuliha ido, hannun da sabulun soda ya cinye. Ba su taɓa haɗuwa ba.

"Sannu 'yar nan. Wannan hannun mai jinya ne. Ya ƙarfin jikinki?"

"Jikina? Ni kika gani a kwance, Iya? Uwar mijina ce jikinta ya shanye. Ita ake tambaya!"

"Ita tana da masu tambaya. Mu da muka sha jinya muna zama a gidana ran Laraba, mu saurari juna."

"Saurare! Saurare ne zai wanke mini zanen kashi? 'Ya'yanta suna zuwa daga Oshodi da leshi da turare, su ce 'ya mai jiki', su cinye mini tuwo, su toshe hanci su tafi. Ni ko sannu! Wallahi wani lokaci in ina juya ta, sai in ji ina ma dai a ce..."

Ta kama bakinta, ta waiwaya.

"Ƙarasa mana. Ni na ƙarasa tawa a kan mijina, gaban mata shida, ba wadda ta yi salati."

"Ke dai akwai shisshigi, tsohuwar nan! Wa ya aiko ki?"

Zuliha ta fizgi bokitinta ko cika bai yi ba. Sai da ta kai bakin kwata ta juyo a fusace.

"Kuma Laraba ranar asibiti ce. Ku mayar Alhamis!"