Shinkafar da Ladi Ta Dafa wa Masu Bincike

Barka da aiki mai gabatarwa, ina gaishe ka da duk masu sauraro. Ni malamar makaranta ce a Samaru, kuma raina a ɓace yake.

Kwanan baya masu binciken halin rayuwar iyalai suka je gidan hayar da ƙanwata Ladi take zaune a Dogarawa. Mijinta ya rasu, da wankau take ciyar da yaranta. Da ta ji za su zo, sai ta aro kujeru, ta dafa shinkafar da ta ɓoye don Kirsimeti, wai kada baƙi su tafi haka. A tsakar gida, gaban matan haya irin su Maman Chinedu, suka tambaye ta sau nawa suke cin abinci a rana. Ta ce, "Sau uku, mun gode Allah."

Da ta ba ni labari, na ce mata, "Ke Ladi, sau uku a gidan wa?"

Ta ce, "Yaya, so kike in tona asirina a gaban Maman Chinedu?"

Ina karanta irin waɗannan rahotanni, na san da su ake tsara tallafi. Yanzu an rubuta Ladi cikin masu hali, alhali da koko yaranta suke kwana. Wane irin masani ne zai tambayi mace yunwarta a bainar jama'a?

Hankalina ya ƙi kwanciya. Don Allah a ba ni shawara, wa za mu gani a gyara amsar nan? Domin Ladi ta ce ko sun dawo, in dai a tsakar gida ne, sau uku za ta sake cewa.

Taku, Malama Saratu.