Babban Faifai da Tsohon Bel

A bencin garejin babura, wani mai tumbi yana juya sabon faifan ƙarfe na jan bel a hannu, wani dattijo mai sanda yana kallonsa.

"Wannan ai ya fi na babur ɗinka girma, ɗana."

"Da gangan na saya, Baba. Babur ɗin marar giya ne, gudu nake so ya ƙara."

"Rage tumbin, zai yi gudu."

"An sha faɗa min," ya ce yana dariya. "Matata nake kaiwa wankin ƙoda. Ƙarfe bakwai ake rufe layi, sau biyu muna makara."

"Allah ya ba ta lafiya. Ina sabon bel ɗin?"

"Tsohon lafiyarsa ƙalau."

"Ga tsohon faifai ne yake ƙalau. Babba zai ja shi har baki, ya tsinke kuna tsakiyar titi."

"Bakanike ne kai, Baba?"

"Tela ne." Ya ɗaga sandar. "Ni ma tsohon bel na bari, ya tsinke da ni a titi."

Mai tumbi ya daina juya faifan. "Kai kaɗai ne a kai?"

"Da 'yata a baya. Ko ƙwarzane ba ta yi ba, alhamdu lillahi. Ƙafa ɗaya ai da sauƙi."

Mutumin ya miƙe da sauri. "Maigareji, dakata, kar ka ɗaure! Baba, da me zan saka maka?"

"Ku isa kafin bakwai, ku biyu."