Tuwon Baba Bayan Rasuwar Inna

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da fatan kin yini lafiya. Ni ne Sabi'u, daga wani ƙauye kusa da Gezawa.

Mahaifiyarmu ta rasu bayan girbin bara, Allah ya jiƙanta. Tun aurensu ita ke tuƙa wa Baba tuwo, ko ba ta da lafiya. Tunda ta tafi, loma kaɗan yake yi ya ture kwano, har rigarsa ta yi masa yawa.

Na ɗauka miyar ce. Na sa matata ta sauya daddawa, sannan kuka, sannan ta rage barkono, ɗaya bayan ɗaya don in gane. Kullum sai ya ce, "Na ƙoshi, Allah ya yi albarka."

Da yayata Binta ta zo, na ba ta labari. Ta yi dariya ta ce, "Kai Sabi'u, miyar Inna ai gishiri ke yi mata yawa! Ka taɓa ganin ta ajiye kwano ta tafi? Zama take daga gefe da mafici, tana kai masa ƙarar akuyar maƙwabta har ya suɗe hannu."

Jiya na gwada zama. Sai na ɗauko masa zancen taki. Ya ci rabi, ya dube ni ya ce, "Uwarka ta fi ka iya hira."

Na kama hanya ke nan, ko yaudarar kaina nake? Ku da kuka riƙe uba bayan rasuwar uwa, wace hira kuke yi masa yana cin tuwo? Ina gaida Yaya Binta.