Mai Tura Baro a Bayan Injiniya

A bencin mai gyaran waya, wani tela yana jiran tasa, sai tsohuwar da ke gefensa ta miƙo masa tata.

"Ɗan nan, ka kalli shirin nan na ginin gada?"

"Na kalla, Mama. Wallahi barci ya sa ni. Daga siminti sai surutun injiniya! Ki nemi na barkwanci, ki sha dariya har cikinki ya ƙulle."

"Kai dai ba ka iya kallo ba. Rabu da injiniya, dubi bayansa."

Tela ya ƙura ido. A cikin bidiyon, wani saurayi ya gifta da baro, kamar walƙiya.

"Autana ne. Tun da muka yi faɗa ya bar gida, ko waya babu. Jikata ce ta tsinto min shi a nan." Ta mayar da bidiyon baya. "Ya rame, ko?"

Tela ya ga ƙasusuwan wuyan yaron sarai.

"Wace rama? Awo sana'ata ce, Mama. Rigar ce ta yi masa yawa."

Ta daɗe tana kallon wayar.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce, "ko da ƙarya ka yi."