Takalman da Suka Cinye

A ɗakin jira na likitar da ke zama da yara masu firgita, mata biyu da ba su san juna ba suka haɗa benci. Mai farin mayafi ce ta fara.

"Ni dai alhamdu lillahi, 'yata ta warke. Tun hatsarin da ya ci ƙawarta, ko ƙarar inji ta ji sai jikinta ya hau rawa. Yanzu kuwa da kanta take shiga mota ta dawo gida."

"Allah ya ƙara sauƙi," in ji mai tabarau. "Nawa ɗan tun rasuwar wansa ya daina magana, amma yanzu har dariya yake. Wai wata yarinya ya samu a nan. Ba ta iya shiga mota, shi ne yake taka mata a ƙafa har bayan gada. Duk takalmansa sun cinye!"

Mai farin mayafi ta gyara zama. Bayan gada gidansu yake, kuma ta sha yi wa 'yarta faɗa kan cin takalmi.

"Innalillahi! Yarinyar tana da tabo a goshi?"

"Ke! Kar dai taki ce?"

"Ashe ƙarya take min! Ashe ba ta warke ba!"

"Bi ta a hankali, 'yar'uwa. Jiya ya shigo da murna, wai ta dafa ƙofar mota a tasha, ba ta gudu ba."

Mai farin mayafi ta share ido da bakin mayafinta.

"Yaron naki, takalmi lamba nawa yake sawa?"